Daga Kumasi zuwa Salaga, neman inda basasa ta bar sawu

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta ƙidaya shekaru da lissafin Bature. In za ta ba da labarin wani abu na dā, sai ta ce "kafin Salaga ta fashe" ko "bayan Salaga ta fashe". Mun taso a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, muna jin wannan magana kullum kamar tallar koko da safe, ba wanda ya taɓa tsayar da ita ya ce, Kaka, wa ya fasa ta, kuma a kan me? Ta rasu ban tambaya ba.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne aikin gida da aka ba ɗiyata a makaranta kan Yaa Asantewaa, matar da ta jagoranci Asante yaƙi da Turawan Ingila. Ta gama rubutunta tsaf, ta ɗago kai ta ce, "Baba, lokacin da ake wannan yaƙi, mu muna ina?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Washegari bayan la'asar na tafi wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka zauna da kakansu, mutumin da ya baro Salaga yana yaro ɗan shekara goma. Kawu ya saurare ni, ya ce labari a zaune ba ya shiga kan yaran yanzu, in da gaske nake mu tashi mu je mu gani. Muka yanke cewa za mu fara da abin da ke ƙofar gida, sannan mu nufi arewa. Na sayi littafin rubutu, na share wayata don ta sami wurin ɗaukar murya, muka sa Asabar.

Mun fara da gidan tarihin sojoji da ke Adum, jan ginin nan da kowa ke kira Fot. Shekara arba'in ina wucewa ta gabansa ban taɓa shiga ba. Shiga ba wuya: a ƙofa ake biya, kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi kuma ya fi sauƙi, don haka a tafi da katin shaida. Aka haɗa mu da wasu mutum biyar, aka ba mu mai jagora. Da ya ji muna Hausa da Kawu sai ya juya harshe ya gaishe mu, daga nan ya riƙa yin bayani da Turanci yana ƙara wa Kawu da Hausa.

Turawan Ingila ne suka gina wurin bayan sun kama Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na ɗaya a 1896, aka gama ginin a 1897. A ranar 28 ga Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a Kumasi ya ce a kawo masa kujerar zinari ya zauna a kai, kujerar da ko sarkinsu ba ya zama a kanta, don sun ɗauka ran al'ummarsu ke ciki. Daga nan wuta ta kama. Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu, ta ja gaba, mayaƙa suka datse hanyoyin shiga gari da shingayen manyan gungume, suka yi wa Fot ƙawanya. Hodgson da matarsa suka fasa ƙawanyar suka fice ranar 23 ga Yuni, suka bar 'yan tsiraru a ciki, sai 15 ga Yuli Kanar James Willcocks ya iso da ɗauki. An kama Yaa Asantewaa daga baya, aka kai ta tsibirin Seshel, can ta rasu a 1921.

Duk wannan ɗiyata ta riga ta rubuta shi a aikinta. Abin da ba ta rubuta ba shi ne wanda mai jagora ya nuna mana a jikin bango: tsofaffin hotunan sojoji baƙar fata, da jar dara a ka, ƙafa ba takalmi, sun jeru bayan Bature guda da ke zaune a kujera. Ya ce, "Waɗannan su ake kira Hausa." Su ne akasarin waɗanda suka tsare ginin a watannin ƙawanya, wasu daga rundunar Gwalkwas, wasu an kawo su daga Legas. Asalin sunan ya faro ne daga Kyaftin John Glover, wanda ya tara rundunarsa a Legas a 1863, galibi daga bayin da suka gudo, kuma ya zo da su yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1874. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka daga baya ba Hausawa ba ne a jini, akwai Gurunsawa da Mosawa da Dagombawa da Yarbawa, amma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, sai sunan ya bi kowa. Ɗiyata ta tsaya gaban hoton ta daɗe. Can ta ce, "Kenan muna ciki, Baba. A gefen Turawa." Kawu ya dafa kafaɗarta ya ce, "Yi haƙuri, uwata, ba mu gama zagaye ba tukuna."

An shiga da mu wani ƙaramin ɗaki na tsare fursuna, mai jagora ya ja ƙofa na ɗan lokaci don mu ji yadda yake. Duhu ne wanda ko tafin hannunka ba ka gani, iska kuma nan da nan ta yi nauyi. Na ji Kawu yana salati a hankali. Da aka buɗe na duba agogo, ko minti ɗaya ba mu yi ba. Sauran ɗakunan kayan yaƙin duniya na biyu ne, bindigogi da tutoci da aka ƙwato daga Italiyawa a Habasha da Japanawa a Bama, a tsakar gida kuma motocin sulke da manyan bindigogi. A nan Kawu ya ware, don maƙwabcinsu a dā tsohon sojan Bama ne, ya riƙa nuna wa jikarsa irin bindigar da tsohon ke kwatanta musu.

Asabar ta biyu muka je gidan tarihin Manhyia, fadar sarkin Asante. A nan sai an fara zama an kalli ɗan gajeren bidiyo, sannan a zagaya da ku rukuni-rukuni, kuma an ce mu mayar da waya aljihu. Gidan an gina shi a 1925 don Prempeh na ɗaya, wanda ya dawo daga Seshel a 1924, aka mai da shi gidan tarihi a 1995 zamanin Otumfuo Opoku Ware na biyu. Mun yi sa'a mun tarar da kayan zinarin da aka kwashe daga Kumasi a yaƙe-yaƙen ƙarni na sha tara, waɗanda aka dawo da su a 2024: guda 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan a matsayin aro, guda 7 kuma daga wani gidan tarihi na Amurka an mayar da su dungurungum. Kalmar aro ta tsaya mini a rai, kuma na ga ba ni kaɗai ba, don wata dattijuwa Batona, wato 'yar Asante, da ke rukuninmu ta maimaita ta da Tonanci tana girgiza kai.

Amma abin da Kawu ya kawo mu gani daban ne. Da aka zo bayanin rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari mai ɗauke da layu jere-jere cikin fata da azurfa da zinari, sai ya taɓa jikarsa ya ce, "Tambayi mai bayani wa ya rubuta abin da ke cikin layun nan." Ta tambaya. Aka ce malaman Musulmi ne, waɗanda Tonawa ke kira Nkramo, da suka zauna a Kumasi tun kafin Bature ya leƙo, suna yi wa fada rubutu da addu'a. Kawu ya ce mata, "To kin gani. Mai harbi daga cikin Fot yana kiran Allah da Hausa, wanda ake harbi a waje yana sanye da rubutun malam a ƙirjinsa." Ban da abin da zan ƙara a kan wannan, na rubuta shi yadda ya faɗa.

A Manhyia ne na fara lura da wani abu da ya bi ni har ƙarshen tafiyar. Yaƙin da aka yi da Bature yana da ɗaki, yana da hoto, yana da ranar tunawa. Yaƙin da 'yan gida suka yi wa juna kuwa, da layi biyu ake wuce shi. Asante ta yi basasa mai tsanani: an tuɓe Mensa Bonsu a 1883, aka naɗa Kwaku Dua na biyu a 1884, ciwon agana ya ɗauke shi bayan 'yan makonni, sai ƙasa ta rabu. Garuruwan Kokofu da Mampong suka goyi bayan Yaw Atwereboana, Bekwai da Ejisu suka tsaya wa Prempeh da mahaifiyarsa Yaa Akyaa, har aka ɗora Prempeh a 1888 yana matashi. Shekarun nan ne suka cinye ƙarfin Asante, shi ya sa da Ingila ta zo a 1896 ta shiga Kumasi ba a yi harbi ba. Na tambayi mai bayani inda aka gwabza, ya ce mu nufi wajen Bekwai da Kokofu mu tambayi dattawa.

Mun je, a motar haya daga Kumasi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Wanda zai yi irin wannan ya sani, filin daga ba shago ba ne da za ka faɗa kai tsaye, ƙasar wani ce. Sai ka nemi gidan sarkin gari, ka gaida mai magana da yawunsa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Al'adarsu baƙo ya zo da kwalbar giya. Na faɗa wa mai magana da yawun sarki tun a waje cewa mu Musulmi ne, ba za mu iya ɗauko wannan ba, ya ce ba komai, mu sa abin da ya sawwaƙa a ambulan. Kawu ya ɗora farin goro a kai, aka karɓa da murna, har wani dattijo ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Goro ya dawo gida." Aka haɗa mu da saurayi ya kai mu wajen Amoafo, inda rundunar Garnet Wolseley ta kara da mayaƙan Kofi Karikari ranar 31 ga Janairu 1874, kwana kaɗan kafin a shiga Kumasi a cinna mata wuta. Gonakin koko ne da ayaba, da wata gangara mai laka a ƙasa. Da ba a faɗa maka ba, ba abin da zai nuna maka an zubar da jini a nan. Kan yaƙin Wolseley dattawan sun yi ta magana har da kwatance. Da na kawo zancen basasar 1880 da wani abu, sai amsoshi suka gajarce. Ɗaya ya ce waɗanda suka yi faɗan duk dangin juna ne, jikokinsu na aure da juna yau. Ban matsa ba, kuma ina ganin daidai na yi.

Tafiyar Salaga ta ci mana shiri na wata guda. Kawu ya haura tamanin, sai da na je na karɓo masa maganin hawan jini na mako biyu, na sami izinin babbar 'yarsa da ƙyar. Ya aika saƙo ta bakin wani mai sayar da doya zuwa ga dangin matarsa a zangon Yeji, da wani saƙon zuwa ga wani malami a Salaga, don ya ce ba a shiga garin tarihi ba mai masauki. Daren tafiya na ga yana naɗe wani abu cikin tsohon rawani. Tasa ce ta tagulla, bakinta ya lanƙwashe, wadda na saba gani ƙarƙashin gadon Kaka. Ya ce ita kaɗai da allo guda uwar kakansa ta iya ɗauka daren da suka gudu.

Hanyar ita ce tsohuwar hanyar fatake: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji. Muna hawan tudun Mampong kurmi ya fara sakin mu, kafin Atebubu ƙasa ta buɗe, ga kaɗanya ga ɗorawa. Bayan Atebubu taya ta fashe, ta ajiyar kuma ba iska, muka share awa biyu a bakin titi. Kafin mu isa Yeji babban jirgin da ke tsallaka da motoci zuwa Makango ya riga ya tashi. Masu kwalekwalen inji suka yi ta kiranmu, Kawu ya ce a'a, tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse Bolta a Akosombo, ba zai sa jikarsa a ciki da yamma ba. Muka kwana a zango. Alheri ne ya zama, don a daren nan, bayan tuwo da miyar kuka, tsofaffi uku suka zauna da Kawu a kan tabarma, na ajiye waya a tsakiya da izininsu, suka yi ta jero sunayen gidajen da suka baro Salaga: waɗannan sun tsaya nan Yeji, waɗancan Kintampo, wasu Kete Karachi, wasu sun gangara har Ankara. Awa biyu da minti goma na ɗauka.

Da safe muka tsallaka, muka shiga Salaga kafin azahar. Wanda ya taso yana jin sunan Gwanja a bakin fatake zai yi tsammanin birni. Gari ne madaidaici mai ƙura da babura. Amma nan ce kasuwar da ayarin Kano da Katsina da Barno ke yin watanni a hanya don su iso, su kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su koma da goron kurmin Asante a kan jakuna. Ƙarfinta ya fara raguwa ne tun 1874, da Kumasi ta faɗi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, goro ya koma bi ta Kintampo. Basasar 1892 ce ta ƙarasa ta.

Malamin da ya sauke mu ya zaunar da mu ya warware mana zaren. Sarautar ƙasar ba a Salaga take ba, tana Kpembe, ɗan gari da ke kusa, kuma gidaje uku ne ke karɓa-karɓa: Lepo da Singbung da Kanyase. Gidan Kanyase ya ga an daɗe ana tsallake shi. Kabachewura Isifa, ɗan wannan gida, ya nemo taimakon Dagombawa da Nanumbawa, ya auka wa Kpembewura Napo, sarkin Kpembe, a ƙarshen 1892, ya ci shi. Faɗan na 'ya'yan sarautar Gwanja ne, amma dukiyar tana Salaga a hannun baƙi, don haka a kan baƙi wasoso ya sauka. Cikin waɗanda garin ya watsar har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya koma Kete Karachi ya yi limanci har ya rasu a 1934, kuma ya bar baitoci da Larabci kan wannan fitina. Malamin ya ce in muna son ganin inda aka yi artabu sai mun je Kpembe mun gaida fada. Mun je da yamma, an karɓe mu da mutunci, an nuna mana fili da hannu: ciyawa, da gonar doya, da shanu suna kiwo. Ba allo, ba dutse, ba suna.

Abin da Salaga ta adana ta kuma gyara don baƙi shi ne ɗaya fuskar kasuwar. An kai mu dandalin da ake sayar da bayi, an nuna mana sarƙoƙi da mari, an kai mu rijiyoyin nan masu yawa da aka haƙa cikin dutse, da wurin da har yau sunansa da Hausa yake, Wankan Bayi, inda ake wanke mutane a shafa musu man kaɗe kafin a kai su kasuwa. Sunan ya fi komai dukana, don ba sai an fassara mini ba. Ɗiyata ta juya ga Kawu ta ce, "Kaka, kakanmu goro kaɗai ya saya a nan?" Na so in katse ta, Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Sannan ya ce, "Abin da aka faɗa mini goro ne da kanwa. Amma an faɗa mini kuma cewa daren gudu mutum bakwai suka fito daga gidan, uku ba 'ya'yan gidan ba ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini yadda aka yi suka zo gidan. Rubuta haka, kada ki gyara." Ta rubuta. Na ga hannunta yana rawa.

Kafin magariba Kawu ya ce a mayar da shi bakin ɗaya daga rijiyoyin da har yanzu mata ke ɗiba. Ya kwance rawanin, ya fito da tasar, ya roƙi wata yarinya ta zuba masa ruwa daga gugarta. Ya zauna a kan dutse ya yi alwala da shi a nutse, ya bar saura a tasar ya miƙa wa jikarsa ta wanke fuska. Matan da ke wurin suka tsaya suna kallo, ɗaya ta tambaya daga ina, ya ce daga Kumasi, amma daga nan aka tafi. Ta ce wane gida? Ya faɗi sunan kakan kakansa da laƙabinsa na fatauci. Ba wadda ta sani. Malamin ya zaga da mu wurin tsofaffi huɗu a daren, kowa ya juya sunan a bakinsa ya ce bai ji ba. Na ƙarshe, wani makaho mai shekaru da yawa, ya ce irin wannan laƙabi mutanen da suka bi Alhaji Umaru ne ke da shi, mu je Kete Karachi mu tambaya, sai dai mu sani tsohon garin yana ƙarƙashin tafki, mutanen sun koma sabon wuri a kan tudu.

A jirgin dawowa ɗiyata ta sa abin sauraro a kunne tana kwafe muryoyin tsofaffin Yeji cikin littafi, tana tsayawa tana tambayar Kawu kalmomin da ba ta gane ba: madugu, jagaba, uban dawaki, waga. Shi kuma yana riƙe da tasar a cinya, ya ce in nemo masa lambar wani a zangon Kete Karachi, in Allah ya kai mu bayan damina hanya ta bushe.